Layin da Ya Ƙi Yin Fari

A tsibirin Kurimadu ba a taɓa ganin ganye ya wuni a ƙofar gidan Mumina ba. Kafin ya gama saukowa daga bishiya ta riga ta miƙe da tsintsiya a hannu. Duk macen garin tana shara da sassafe, kowace ta share gabanta zuwa tsakiyar hanya, haka muka taso muka tarar. Amma ita Mumina sai ta gama nata, ta tsallaka ta gyara wa maƙwabta abin da suke kira shara, sannan ta koma gida da baya da baya tana goge sawun ƙafarta. Duk wanda ya bi ta wurin bayan haka sai ka ga yana sanɗa a gefen katanga, babba da shi, don kada a gane takalminsa.

Ba a ƙasa ta tsinci halin ba, gado ta yi. Ubanta mai fasa dutse ne, tun zamanin da ba a hana ba. Yakan fita da ƙarfensa idan ruwa ya janye, ya ɓalle murjani daga shingen dutsen da ya kewaye tsibirin a cikin teku, ya loda a jirgi ya zube a bakin gaɓa. Abin yakan fito da yauƙi, launin ƙasa, yana wani ƙarni mai juya ciki. Sai a bar shi nan rana ta doke shi, ruwan sama ya wanke shi, har ya koma fari tas, sannan a sassaƙa a yi gini. Da shi aka gina ɗakin da aka haifi Mumina, da shi aka gina tsohon masallaci, da shi ake kafa alamar kabari. Kafin azumi mata sukan ɗebo farar tsakuwarsa su shimfiɗa a tsakar gida. Don haka tun tana yarinya ta sauke karatun murjani kaf: dutse ne da yake fitowa daga teku da ƙazanta, mai hankali ya gyara shi. Shekarar da maza suka dawo daga kamun kifi fuska ba daɗi, suna cewa shingen duk ya yi fari, ita cewa ta yi to madalla, ai ya daɗe yana buƙata.

Ta auri Kasim Fulu, masuncin kifin tuna, bawan Allah mai haƙuri, wanda bai taɓa shiga gidansa kai tsaye ba sai ya yi wanka a rijiyar waje ta shinshina shi. Da ya rasu likita ya ce zuciya ce, amma mazan majalisa sun fi zargin sabulu. 'Ya'yanta maza suka watsu a otal-otal ɗin da suka cika tsibiran Maldibs, suna gyara wa Turawa shimfiɗa suna jera furanni a kan matashi, su da ba su taɓa ninke zanin gadonsu a gidan uwarsu ba.

Saura auta, Shiuna. Allah da ikonsa, ya ɗauki macen da ta fi kowa tsabta a tsibiri ya ba ta 'yar da aljihunta kullum cike yake da katantanwa mai rai. Ta girma tana ninƙaya tare da maza, gashi kullum da gishiri. Duk ranar da ta ce, "Mamma, kada ki taɓa mini ɗakina," Mumina ta san akwai abin da ya mutu a ƙarƙashin gado. Yarinyar ta tafi Male, babban birnin ƙasar, karatu, daga can ta haye ƙasar waje, kowa ya shafa fatiha, domin wanda ya bar Kurimadu da jakar littattafai ba ya dawowa sai a hoto. Sai ga ta ta dawo, da akwatuna da kwalabe da niyyar zama.

Mumina ba ta ce ta ji daɗi ba, ba ta iya wannan yaren ba. Ta dubi ƙafar 'yarta ta ce ta koma waje ta karkaɗe. Amma ranar ta dafa romon garudiya da kifin da ta zaɓa da kanta, ta murza gurasar roshi har ta yi yawa, ta zauna tana kallon yarinyar tana ci. Gaskiyar magana, tsoro ɗaya ne Mumina take da shi a duniya, kuma ba na mutuwa ba ne. Tana tsoron ta tsufa a gidan da babu mai ɓata shi. Yanzu da Allah ya maido mata da ɗaya, ta ƙudurta a ranta ko me za a yi, wannan ba za ta sake tafiya ba.

Abin da ya dawo da Shiuna kuwa ba uwarta ba ce, kududdufi ne. A bayan wurin da ake feɗe kifi akwai wani kwari da ruwan teku kan maƙale a ciki, ana zubar da hanji da kawuna a bakinsa, da rana ya yi zafi kamar shayi. Mumina ta yi shekara da shekaru tana kai ƙararsa ofishin tsibiri. A cikin wannan ƙazanta ne 'yarta, da duk karatunta, ta gano waɗansu dunƙule-dunƙulen murjani masu launin ƙasa, munana, suna zaune lafiya lau a zafin da ya kamata ya dafa su. Ta gutsuri kaɗan-kaɗan daga jikinsu ta shiga reno. Ta yi sa'a, domin ba a daɗe ba aka zo faɗaɗa tashar jirgi aka cike kwarin da yashi, Mumina har da raba wa yara alewa. Abin da ya rage na wannan zuriya shi ne abin da Shiuna ta ɗaure a gonarta.

Gona take kiranta, amma gadajen ƙarfe ne jere a cikin ruwan da ke tsakanin gaɓa da shinge, inda idan teku ta janye yakan tsaya wa mutum a ƙugu. A layukan gaba ta ɗaure kyawawa, masu rassa, shuɗi da shunayya, waɗanda ta ɗebo daga zurfi. Layin ƙarshe na 'yan kududdufi ne.

Wata rana suna kankare kwakwa, Shiuna ta yi kuskuren da masu ilimi kan yi, ta ce bari ta fahimtar da uwarta.

"Mamma, ba dutse ba ne fa. Dabba ce, tana da rai. Dutsen gidanta ne kawai."

"To. Ni a cikin dabba aka haife ni ke nan. Ubanki ma dabba muka kafa masa a ka."

"Ki tsaya ki ji. A cikin namanta akwai waɗansu ƙananan tsirrai, ido ba ya ganinsu, dangin gansakuka. Kamar 'yan haya suke. Ita ta ba su ɗaki, su kuma su yi girki da hasken rana su ba ta ta ci. Launin da kike gani nasu ne. Idan ruwa ya yi zafi ƙwarai sai girkin ya lalace, mai gida ta fusata ta kore su. Shi ne sai ki ga ta yi fari."

"Gansakuka a cikin jiki?" Mumina ta ajiye kwakwar. "Kuma da ta kore su ta yi fari? Ai ta yi hankali. Ni ma korarsu zan yi."

"Sai yunwa ta kashe ta ai."

"Ni dai ban taɓa zuwa jana'izar wanda shara ta kashe ba."

"Na layin ƙarshe, su 'yan hayarsu wani iri ne, masu jure wuta. Kuma da alama abin a jini yake, iyaye suna bar wa 'ya'ya. Shi nake so in tabbatar. Idan haka ne, daga su za mu sake shuka shingen nan duka."

"Daga 'yan bolar?"

"Daga su."

"Allah ya kyauta. Miƙo mini kwanon nan."

Mumina ta ji duk abin da aka faɗa, kunnenta garau. Sai dai ta tace shi yadda take tace madarar kwakwa, ta riƙe abin da ya yi mata, ta zubar da dusar. Abin da ya rage mata shi ne, launi datti ne, fari lafiya ne, kuma yarinyar nan har yanzu ba ta daina tara shara ba.

Akwai kuwa wata gansakukar ta waje, mai yaɗo a kan ƙarfe da igiya, wadda idan aka bar ta takan shaƙe ƙananan murjani. Wannan dole a goge ta da burushin haƙori. Shiuna ta nemi matan da za su taya ta, kafin ta rufe baki uwarta ta miƙe. Matar da rabonta da shiga teku tun tana budurwa, sai ga ta a ruwa har ƙugu, da doguwar riga da ɗankwali, tana leƙa ƙasa ta cikin bokiti mai gindin gilashi. Ƙarfe bai taɓa shan guga irin haka ba. Shiuna ta yaba mata a gaban mutane, Mumina ta ce a'a, ba komai, aikin ne ya samu wadda ta iya. Layin ƙarshe ne kawai yarinyar ba ta bari kowa ya taɓa, ita take goge shi da kanta. Uwar ta gane dalili ba sai an gaya mata ba, kunya take ji a ga muninsa.

Sai aka shiga bazarar nan da har yau ake labarinta. Iska ta ɗauke ɗif, teku ta kwanta ba motsi, damina ta ƙi ƙarasowa. In ka sa ƙafa a ruwa da hantsi sai ka ji kamar wani ya riga ka wanka a ciki. A daidai lokacin ne aka kira Shiuna Male. Mutanen da suke ɗaukar nauyin aikin za su zo su gani da idonsu, ita za ta rako su. Idan suka gamsu za a kafa wurin bincike a Kurimadu, ta zauna. Idan ba su gamsu ba, akwai wani tsibiri can kudu da ake jiranta. Ta bayyana wa uwarta dalla-dalla abin da zai gamsar da su. Mumina ta ji "baƙi", ta ji "gani da ido", ta ji "kudu", sauran ya bi iska.

Ba a daɗe da tafiyarta ba gonar ta fara juyawa. Shuɗin ya dushe, shunayyar ta koɗe, wata safiya Mumina ta leƙa bokitinta ta ga layukan gaba sun yi fari fat suna ƙyalli. Ta tsaya a cikin ruwa hawayen daɗi na neman zubo mata. Ta aika aka kirawo Zubeda, maƙwabciyarta kuma abokiyar gasarta tun suna 'yan mata, wadda take ce mata Datta, wato yaya, don kawai ta tuna mata wa ya fi tsufa.

"Kai, Datta, wannan hannu naki! Har cikin ruwa?"

"Guga ce kawai da tsoron Allah."

"Amma fa masunta sun ce can waje ma duk ya yi fari, har inda ba ki je ba."

"To ai sun ga misali."

Zubeda ta karɓi bokitin ta taka zuwa ƙarshe. Ta daɗe tana leƙe, sannan ta ɗago da murmushin nan da Mumina ta fi tsana a duniya.

"Waɗannan fa? Ko burushin ne ya ƙare?"

Suna nan yadda suke, dunƙule-dunƙule, launin ƙasa, ko gezau. Har wani ƙara duhu suka yi, kai ka ce da gayya ne.

"Na Shiuna ne. Ita ke kula da su."

"Ai na gani, hannunta ne sak. Sai dai baƙi idan suka zo ba za su tambayi na wa ba ne. Cewa za su yi gonar 'yar Mumina."

Da la'asar Shiuna ta bugo waya.

"Mamma, ya gonar? Ana ta cewa ko'ina ya yi fari."

"Fari tas, 'yar nan. Ki zo ki ga aiki."

"Duka? Har layin ƙarshe?"

"Su kam sun ƙi. Suna nan da baƙin halinsu."

Sai Mumina ta ji ihu a kunnenta har ta janye wayar. Yarinyar tana dariya, tana kuka, tana hamdala, duk a haɗe. "Mamma, don Allah don Annabi, kada ki taɓa su. Kada ki bari kowa ya taɓa su. Ran Alhamis muna tafe."

"Na ji."

"Ji na gaske, Mamma?"

"Na ce na ji. Tukunyata na ƙonewa."

Ta zauna ta auna maganar. Ihu da kuka a haɗe, wannan ruɗewa ce, yarinyar ta tsorata. "Kada ki taɓa" kuwa, ai ta san fassararsa tun Shiuna tana firamare. Baƙi za su taso tun daga wata uwa duniya, su ga gona fara sol, su kai ƙarshe su tarar da bola. Za su dubi juna, su yi murmushin Zubeda, su ɗauke mata 'ya su kai kudu. A kan dutse, dutsen da ubanta ya gyara tuli-tuli ba tare da ya taɓa zama a aji ba. Idan uwa ba ta rufa wa 'yarta asiri a irin wannan rana ba, to yaushe?

Ta fara da lalama, ta sa burushi. Suka saki yauƙi, suka ƙi sauya launi. Washegari da ruwa ya janye ta zo da wuƙa da baho, Zubeda na riƙe mata, suka yanke igiyoyin ɗaya bayan ɗaya, suka kwashe layin kaf zuwa gida. Ba sata ba ce, ba ɓarna ba ce, wanki ne, za a mayar da kowa wurinsa. Har jerin ta kiyaye, don ita ba ta aikin ganin dama. Ta jiƙa su a ruwan sama na tanki, ruwan da ko baƙo ba ta cika wa kofi da shi a wannan ƙarancin. Ta dirje su, ta shanya a kan rufin kwano inda take shanya kifi. Kafin azahar unguwa ta ɗauki wari.

"Datta, anya dutse yana irin wannan ɗoyi? Wannan ai warin mushe ne."

"Dattin ne ke fita. Haka na babana yake yi."

"Ƙudaje fa sun ce nama ne."

"Ƙudajen gidanki ne suka biyo ki."

Rana ba ta yi ƙyuya ba a 'yan kwanakin nan. Ran Laraba suka yi fari har sun fi na layukan gaba, suka yi sakayau a hannu. Inda duhu ya ɗan rage ta shafa farar ƙasa. Ta mayar da su ruwa, ta ɗaure kowanne da sabuwar igiyar kwakwa da ta murza da kanta a cinya, ƙulli daidai da ƙulli. Ta ja baya ta duba ta cikin bokiti. Tun daga farko har ƙarshe babu wanda ya fita daban. Ta koma gida da sanyin rai ta hau suyar kayan shayin baƙi.

Ran Alhamis rabin gari ya fito gaɓa. Jirgi ya sauke Shiuna da wata Baturiya doguwa da rana ta saɓule wa hanci, da wani Ba'indiye mai furfura, da wani jami'i daga Male mai takalmi sau-ciki wanda ya tsaya nesa da ruwa. Ko gida ba su biya ba. Shiuna ta rungumi uwarta a gurguje, ta sa gilashin nutso ta faɗa ruwa, baƙin na biye. Ta wuce layukan gaba ko kallo ba ta yi musu ba, abin da ya ɗan sosa ran Mumina. Ta kai ƙarshe ta nutse.

Ta daɗe a ƙasa. Da ta ɗago, a hannunta akwai dunƙule ɗaya da guntun sabuwar igiya. Ta juya shi, ta kankare da farce, farar ƙasa ta narke a yatsanta. Murjanin da zafi ya sa ya yi fari yana da sauran nama a jikinsa, wani lokacin ma yakan farfaɗo idan ruwa ya huce. Wannan ƙashi ne zalla. Ta dubi igiyar, ta ɗago ta dubi gaɓa.

Mumina tana tsaye cikin rigarta ta sallah, mai zaren zinariya a wuya. Ta ga an dube ta, ta san lokaci ya yi. Ta ɗaga murya yadda na baya ma za su ji.

"Kin gani? Ko ɗigo babu! Gaya musu ba wani maganin kanti na sa ba. Ruwan sama ne, da rana, da hannu. Sun so su yi mini taurin kai, na ce ni 'yar mai fasa dutse ce. Gaya musu mana, kin tsaya kina kallona!"

Jami'in Male, wanda ya ji kowace kalma, ya sunkuyar da kai yana nazarin takalminsa. Baturiyar ta tambayi Shiuna me tsohuwar take cewa. Shiuna ta ba da amsa gajera da Turanci, baƙin suka ɗaga wa Mumina hannu suna murmushin dole. Daga baya malamin makaranta ya fassara wa gari. Cewa ta yi, "Tana yi muku barka da zuwa."

Baƙin suka sha shayi, suka yaba suyar, suka koma jirgi da wuri. Abin da Shiuna ta gaya musu a hanyar tasha ba wanda ya ji, kuma ko me ta faɗa ba zai sauya komai ba. Kududdufin yana ƙarƙashin yashi, zuriyarsa ta bi rufin kwano, babu abin da za a kafa wurin bincike a kansa.

Mumina ta jira faɗa. Ta ma shirya masa, amsoshinta a jere. Amma Shiuna ta dawo ta zauna a bakin rijiya da dunƙulen a cinya tana juya shi.

"Ba su yi kyau ba ne?"

"Sun yi kyau, Mamma."

"To mene ne na kumbura fuska?"

"Su kaɗai ne suke da lafiya. Duk gonar nan, duk shingen nan, su kaɗai suka riƙe 'yan hayarsu. Abin da na kawo mutanen su gani ke nan."

"To a mayar musu da 'yan hayar mana. Ba a ruwa suke ba?"

"Wa za su tarar a gidan?"

Mumina ta dubi dunƙulen da ke cinyar 'yarta. Ta tuna warin nan, ta tuna ƙudajen. Ta nemi wuri ta zauna.

"Ni don ki zauna na yi," ta ce a hankali.

"Na sani. Shi ya sa ban san inda zan kai fushin ba."

Shiuna ta tafi kudu kafin damina ta kankama. An ce can ma akwai wani kwari mai zafi, za ta fara daga farko. Ta ce za ta riƙa leƙowa. Garin kuwa ya yi abin da ya fi iyawa, ya raɗa wa Mumina suna, Mai Wankin Teku. Zubeda ta riƙa bi gida gida tana rantsuwa ita baho kawai ta riƙe, kuma tun farko ta ce abin yana wari.

Ba wanda ya ce Mumina ta ci gaba da zuwa gonar, amma ta ci gaba. Ruwan sama ya sauko, teku ta huce. Wata safiya ta leƙa layin ƙarshe ta ga wani ɗan duhu a jikin dunƙule ɗaya. Ba ta gaya wa kowa ba. Kullum sai ta zo, kullum duhun na ƙaruwa, daga wannan ya tsallaka wancan, har layin duka ya koma launin ƙasa. Ranar ta fito daga ruwa da gudu, tsohuwa da ita, ta shige ɗaki da jiƙaƙƙiyar riga ta ɗauki waya.

"Shiu! Sun dawo! 'Yan hayar sun dawo! Layin ƙarshe duk ya koma yadda yake. Wallahi ban taɓa ba, ko numfashi ban yi a kansu ba."

"Ya yake, Mamma? Yana da gashi-gashi, yana kaɗawa idan ruwa ya motsa?"

"Ƙwarai! Har da tsawonsa. Ki zo ki gani, ki kira mutanen nan naki."

Ta ji 'yarta ta ja numfashi. Can bayanta ana jin ƙarar inji da muryoyin mutanen da Mumina ba ta sani ba.

"Mamma, wannan gansakukar waje ce. Ita ke rufe wanda ya mutu. Wannan karon datti ne na gaske."

"To, in goge?"

"Yadda kika ga dama. Yanzu ba abin da zai same su."

"Ki zo dai ki duba da idonki. Wataƙila ni ce ban iya faɗa ba."

"Kin faɗa daidai, Mamma. Ana kirana, sai mun yi magana."

Ba ta goge ba. Har yau idan ruwa ya janye za ka hango ta a ƙarshen gonar, hannu a baya, tana gadin dattin nan kada wani ya taɓa shi kafin yarinyar ta zo.